Inji a Cibiyar Taya: Yadda Ake Sa wa Keken Kishingiɗa Lantarki

A jihar Florida ta Amurka akwai wata tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka cire mata dogo, aka shimfiɗa kwalta, aka bar wa masu keke da masu tafiya a ƙasa. Sunanta Withlacoochee, tsawonta kuwa ya haura kilomita 70. Idan hantsi ya fito a watannin sanyi, abin da ke fara ɗaukar idon baƙo a kanta shi ne wasu kekuna masu ƙafa uku da ke tafiya ƙasa-ƙasa, sai ka ce kujerar hutawa aka sa wa tayoyi. Mahayin yana kishingiɗe, bayansa a jingine, ƙafafunsa a miƙe gaba suna juya feda, hannayensa a gefen cinyoyi suna riƙe da kan keken. A bayansa wata tuta ce ke kaɗawa a kan doguwar sanda, don masu mota su hango shi a mararraba.

Galibin mahayan furfura ta gama cin kansu. Akwai wanda ciwon baya ya raba da sirdi, akwai wanda shanyewar ɓarin jiki ta hana shi daidaituwa a kan taya biyu, akwai tsohon sojan da ya dawo daga fagen fama da ƙafa ɗaya. Wanda ya lura da tayar baya zai ga cewa a kekuna da yawa cibiyarta ta kumbura, ta yi kamar kwanon tuwo biyu da aka kifa wa juna, ga waya ta fito daga tsakiya ta bi jikin firam. Injin lantarki ke nan. Wasu da shi suka sayi keken, wasu kuwa da hannunsu suka ɗaura shi a garejin gida.

Tudu ne abokin gaba

Keken da ake tuƙawa a kishingiɗe ya daɗe. A 1933 wani Bafaranshe, Francis Faure, ya hau mai taya biyu ƙirar Charles Mochet ya yi tafiyar kilomita 45 cikin awa ɗaya a Paris, ya karya tarihin da ya yi kusan shekara 20 ba a taɓa ba. Shekara na zagayowa hukumar tseren keke ta duniya ta haramta irinsa a gasa. Daga nan ya koma hannun masu sha'awa, har zuwa 'yan shekarun nan da mai ƙafa uku ya samu kasuwa a wurin tsofaffi da masu lalurar jiki. Yau kamfanin ICE na ƙera shi a Falmouth ta Ingila, HP Velotechnik da Hase a Jamus, AZUB a Jamhuriyar Cek, Catrike da TerraTrike a Amurka.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya keken yana da daɗi, domin iska ba ta dukan ƙirjin mahayi. Amma da zarar an fuskanci tudu sai labari ya sha bamban. Nauyinsa yakan kai kilo 15 zuwa 20, wani ma ya wuce. Mai keken yau da kullum idan hawa ya yi tsanani yakan miƙe tsaye ya danna feda da nauyin jikinsa. Wanda ke kishingiɗe ba shi da wannan dabara, cinya da gwiwa ne kawai za su yi aikin. Gaskiya ne ba zai faɗi ba ko da yana tafiyar hawainiya, amma gwiwar ɗan shekara 70 tana da iyaka. Ƙarshenta sai mutum ya riƙa zaɓen hanya, yau ya ƙi wannan titin saboda tudu, gobe ya ƙi wancan, har keken ya koma lungun gareji ƙura ta lulluɓe shi.

Kamfanonin suna sayar da nasu mai inji tun daga masana'anta, sai dai kuɗinsa kan tashi dala dubu biyar ko fiye. Wanda ya riga ya zuba kuɗi a keken da aka daidaita da tsawon ƙafarsa, ya saba da kujerarsa, ba ya son rabuwa da shi. Kayan ɗaurawa kuma, wato taya mai inji da batir da akwatin sarrafa wuta da wayoyi, ana samunsu daga ɗaruruwan daloli zuwa dubu da wani abu. Mafi yawansu daga ƙasar Sin suke zuwa, kuma sunan Bafang na birnin Suzhou ne ya fi yawo a bakin masu harkar.

A wace taya za a sa?

Keken iri biyu ne. Akwai mai taya biyu a gaba da ɗaya a baya, wanda Turawa ke kira da sunan ɗan kwaɗo saboda faɗin kai da siririyar wutsiya. Akwai kuma mai ɗaya a gaba da biyu a baya. A na farkon, tayoyin gaba ta gefe ɗaya aka riƙe su kamar na mota, don haka injin da aka saba sayarwa ba shi da wurin zama sai tayar baya. A na biyun tayar gaba ce ta fi sauƙin sauyawa, amma nauyin mahayi yana can baya, saboda haka idan an zo hawa a kan tsakuwa ko jiƙaƙƙiyar kwalta sai tayar ta riƙa juyawa a banza.

Dabarar sa inji a cikin hob, wato cibiyar taya, ta girmi kakannin masu hawan. Tun 1895 wani Ba'amurke, Ogden Bolton, ya yi rajistar keke mai irin wannan inji a tayar baya. Na yau dai ya kasu gida biyu. Ɗaya ƙarami ne mai kilo uku ko kusa da haka, yana gudu da sauri a ciki, wasu ƙananan giya na roba mai tauri suna rage gudun kamar sau biyar su mayar da shi ƙarfin ja. Idan wuta ta ƙare yakan saki tayar ta yi ta juyawa kamar ba ya nan. Ɗayan babba ne, ba giya a cikinsa, maganaɗisu ne jere a jikin kwanon suna zagaye naɗin wayar tagulla. Ba ya ƙara, ba abin da zai cinye a cikinsa sai boris, kuma yana iya riƙe keke a gangara yana mayar da 'yar wuta cikin batir. Amma nauyinsa ya ninka na ƙaramin, kuma idan batir ya mutu mahayi zai ji yana ɗan ja da baya.

Ga wanda tudu ya dama, ƙaramin ne ya fi dacewa a mafi yawan lokuta.

Wurin da masu saye suka fi yin tuntuɓe shi ne girman taya. Keken kishingiɗa da yawa tayar bayansu inci 20 ce, alhali yawancin injinan an naɗa su ne don taya mai inci 26 ko fiye. Lissafin a fili yake: kafin babbar taya ta yi kilomita 25 a awa sai ta juya kamar sau 200 a minti, ƙaramar kuwa sai ta juya kusan sau 270. Idan aka ɗauki injin babbar taya aka saƙa shi a ƙarama, gudun zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ƙarfin hawan tudu kuma ya ƙaru. Wani zai ga an cuce shi. Tsohon da ke zaune a gari mai tuddai kuwa, a ganina, riba ya ci.

Sai saƙar tayar kanta. Babban inji a cikin ƙaramin wili yana barin sifok gajeru ƙwarai, idan aka gitta su da yawa sai su lanƙwashe a gindi su riƙa karyewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan aikin gwani ne, bai kamata mai koyo ya fara da shi ba.

Hakin da ka raina

Idan inji ya murɗa taya gaba, da irin wannan ƙarfin yake murɗa aksul ɗinsa baya. Abin da ke hana aksul juyawa shi ne an fafe gefensa biyu sun zama shafaffu, kaurinsa a nan milimita 10, ya shige cikin tsagar da ke ƙarshen firam ya zauna daram. Matsalar ita ce wannan tsaga ba don haka aka yi ta ba. Aikinta na asali ɗaukar nauyi ne kawai. Saboda aksul siriri ne, murɗawar ƙaramin inji ma takan zama ƙarfin ɗaruruwan kilo da ke ƙoƙarin buɗe bakin tsagar.

Firam ɗin ƙarfe yakan jure, ko ya ɗan buɗe a hankali har mai shi ya lura. Amma kekunan kishingiɗa da yawa da alminiyam aka yi su, shi kuwa ba ya ba da sanarwa, tsagewa yake yi. Ranar da aksul ya kuɓuce ya juya, zai naɗe wayar da ta fito ta cikinsa ya tsinke ta, wayoyin su haɗu su ƙona akwatin sarrafa wuta, wani lokaci ma tayar ta fita daga mazauninta. Ka tuna wanda ke kan keken: mutum ne da ba lalle ya iya tashi da kansa daga ƙasa ba.

Maganin wani ɗan guntun ƙarfe ne da bai kai tafin hannu ba, mai rami daidai siffar aksul. Ana zura shi a aksul ɗin, a ɗaure ɗaya ƙarshen a jikin firam, ya zama matokari. Da shi, ƙarfin murɗawar ya bar bakin tsaga ya koma kan dogon hannu da zai iya ɗauka. Kamfanin Grin Technologies na Vancouver a Kanada ya daɗe yana jan kunnen masu ɗaura inji a kan wannan, yana kuma ƙera matokarai kala-kala. Abin takaici, kayan da ake sayarwa da araha sau da yawa ba sa zuwa da shi, sai 'yar washa mai harshe da ba ta isa ba. Mutum ya kashe ɗaruruwan daloli a inji da batir, ya tsaya jayayya a kan ƙarfen da bai fi kuɗin abincin rana ba. Ban ga hujjar da za ta sa a ɗaura inji a firam ɗin alminiyam ba tare da shi ba. Idan injin mai mayar da wuta ne, wanda ke murɗa aksul gaba da baya yana sassauta noti, to a sa biyu, hagu da dama.

Kafin ma a kai nan, sai an auna. Tazarar da ke tsakanin tsagogin biyu a yawancin kekunan nan milimita 135 ce, daidai da ta injin baya. Sababbin ƙira kuwa wasu sun bar tsaga, rami ne ake zura ƙusa mai kauri ta ciki, kuma injin gama-gari ba ya shiga irinsu. Haka wanda giyarsa ke cikin hob na baya, kamar Rohloff, ya sani ba a zama biyu a kujera ɗaya: ko giyar ko injin.

Wayar ba ta kai ba

Duk kayan an yanka wayoyinsu ne da awon keken tsaye, inda feda ke kusa da tayar baya. A keken kishingiɗa feda tana can gaba a ƙarshen dogon bututu, har sarƙarsa takan kai tsawon ta keke uku. Na'urar da ke gane cewa mahayi ya fara taka feda dole ta zauna a can, wayarta kuwa ba za ta kai ba sai an sayi ƙari. A kuma bar mata rara, domin bututun ana tura shi ciki ko a jawo shi waje gwargwadon tsawon ƙafa, kuma wasu kekunan naɗe su ake yi a sa a but ɗin mota. Wayar da aka ɗaure tamau za ta tsinke a naɗin farko.

Na'urar ita ma iri biyu ce. Mai araha faifai ne mai ƙananan maganaɗisu, da ya ga feda na juyawa sai ya saki wuta, ko da ƙafar ba ta yin wani ƙoƙari. Mai tsada tana auna nauyin takun ne, ta ƙara gwargwadonsa. Masu ƙarfin ƙafa sun fi son ta biyun domin tafiyar ta fi kama da ta keke. Amma ga wanda ƙafarsa ɗaya ta raunana, ta farkon ce rahama, tunda ba ta tambayarsa ƙarfin da ba shi da shi.

Kan keken gajerun sanduna biyu ne a tsaye, birki da abin sauya giya sun riga sun cinye wurin, sai an yi dabara kafin allo da totur su samu mazauni. Kada kuma a tsallake 'yar na'urar da ke yanke wuta idan an kama birki. Sannan akwai haɗarin da masu keken nan duka suka sani: idan ƙafa ta zame daga feda ta taɓa ƙasa ana cikin gudu, keken zai hau kanta ya ja ta ƙarƙashin firam. Inji yana ƙara gudun da abin zai faru a kai. Takalmi mai maƙalewa a feda ko maɗaurin dunduniya ya zama wajibi.

Masu cewa a sa a feda

Ba kowa ya yarda da injin cikin taya ba. Wasu sun fi son wanda ake ɗaurawa a wurin feda, irin na Shimano da Bosch da kamfanonin ke sawa a sababbin kekuna, ko na Bafang da ake ɗaurawa daga baya. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Shi wannan yana bi ta sarƙa, yana cin moriyar giya, don haka a dogon tudu mai tsayi zai yi ta hawa a hankali ba tare da ya wahala ba. Injin cikin taya kuwa giyarsa ɗaya ce. Idan tudu ya danne shi har gudunsa ya faɗi ƙasa da rabin abin da aka naɗa shi don yi, yawancin wutar zafi take zama, kuma giyar roba ba ta son zafi.

Masu goyon bayan na taya su ma suna da abin faɗa. Injin feda yana ɗora kilo huɗu a ƙarshen bututun da ba a yi shi don haka ba, yana kuma cin sarƙa mai tsawo da ƙananan gargaren da ke riƙe ta. Idan sarƙa ta tsinke a daji, mai injin feda ya tsaya ke nan, mai injin taya da totur kuwa zai isa gida.

Masu shagunan keke da dama a Amurka da Birtaniya ba sa karɓar aikin ɗaura kayan da ba su san asalinsu ba, saboda inshora. Kamfanonin ƙera keken ma sukan janye garantin firam idan an sa masa injin da ba su amince da shi ba. Sai dai amincewar kamfani ma ba ta hana tsautsayi. Injin BionX na Kanada ya taɓa zama abin yayi a kan kekunan nan, sai kamfanin ya durƙushe a 2018. Da yake batirinsa da injinsa ba sa aiki da na kowa, masu shi suka shiga neman kayan gyara ido rufe.

Batir da gobara

Lissafin batir bai da wuya. Mai bolt 36 da amfiya 14 na awa yana ɗauke da kimanin wat 500 na awa guda. Idan mahayi yana taimakawa da ƙafa, kowace kilomita za ta ci wajen wat 10 na awa, wato tafiyar kilomita 50 ko kusa da haka. Mazauninsa ya kamata ya zama ƙasa-ƙasa, a bayan kujera ko gefenta. Keke mai ƙafa uku ba ya kwantawa a kwana kamar mai biyu, idan an shiga da gudu tayar ciki ɗagawa take yi. Batir mai kilo uku a saman kariya yana ƙara wannan haɗarin.

Babbar damuwar dai wuta ce. A 2023 hukumar kashe gobara ta Landan ta ce kusan duk kwana biyu sai ta je kashe wutar keke ko sikuta mai batir, ta kuma nuna yatsa musamman ga kekunan da aka mayar na lantarki a gida, da batir da caja da aka sayo daban-daban ta intanet. A birnin New York irin wannan gobara ta kashe mutum 18 a shekarar, birnin ya kafa dokar hana sayar da keke ko batirin da bai ci jarrabawar inganci ba. A 2025 hukumar sufurin Landan ta hana shiga yawancin jiragenta da keken lantarkin da ba ya naɗewa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: batirin da ba a san wanda ya haɗa shi ba, da cajar da ba tasa ba, a bar su jone cikin dare a bakin ƙofar fita, ga mai gidan da ba ya iya gudu.

Doka da totur

A Tarayyar Turai da Birtaniya, ana ɗaukar keken lantarki a matsayin keke ne idan injinsa bai wuce wat 250 ba, yana taimakawa ne kawai idan ana taka feda, kuma yana janye hannu a kilomita 25 cikin awa. Totur kaɗai ba zai wuce kilomita 6 a awa ba. Dokar tarayyar Amurka ta 2002 ta fi sassauci, ta ba da har kusan wat 750 da mil 20 a awa. Wanda ya sayo inji mai wat 1,000 ya ɗaura a Ingila, a idon doka babur yake tuƙawa ba lamba ba inshora.

A nan masu lalura suke da ƙorafi, kuma ina ganin suna da gaskiya. Mai ciwon da ƙafarsa kan ƙi aiki ba zato, totur ne zai fitar da shi daga tsakiyar mararraba. A 2024 gwamnatin Birtaniya ta nemi ra'ayin jama'a kan ɗaga iyakar zuwa wat 500 da halatta totur, daga baya ta ajiye maganar.

Kano da Jos

Mai karatu a arewacin Najeriya ya san wani ɗan'uwan wannan keke, wato keken guragu da ake juyawa da hannu. A Kano ƙungiyar waɗanda shan-inna ta shafa ta daɗe tana ƙera shi, a Jos ma cibiyar Beautiful Gate da Ayuba Gufwan ya jagoranta ta raba dubbai. An tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Najeriya a 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, suna manyanta, kafaɗunsu na gajiya. Waɗanda suka koma babur mai ƙafa uku kuma tsadar fetur tun 2023 ta tsaya musu a wuya.

Idan za a sa wa keken guragu inji, firam ɗinsa ƙarfe ne, kuma kowane mai walda zai iya yanka matokari daga farantin ƙarfe mai kauri. Inda aikin yake shi ne birki, domin an yi shi ne daidai gudun hannun mutum, da kuma batir. Ba a son a yi cajin batirin litiyam idan zafinsa ya haura digiri 45, ɗakin kwano kuwa a Kano cikin watan Afrilu bai da nisa da haka.

Ranar farko a kan titi

Waɗanda suka daɗe a harkar sukan ɗaga tayar baya su gwada injin a iska tukuna, su kama birki su ga ko wuta ta yanke. Daga nan sai fili marar mota, a mafi ƙarancin taimako. Bayan tafiyar farko da ta biyu a sake bin notin aksul da sifana, a taɓa sifok ɗaya-ɗaya, domin a makon farko suke sassautawa.

Akwai kuma faci. Tayar da a da ake cirewa da ɗan maɓalli yanzu sai da babbar sifana, sai an zare waya, an kwance matokari, an tuna yadda washa-washan suka jeru. Shi ya sa da yawa suke sa wa tayar baya roba mai kauri irin Schwalbe Marathon Plus, su ɗauki hoton jerin washar a waya, su kuma gwada cire tayar sau ɗaya a gida, a zaune, da irin kayan aikin da za su ɗauka a jakar bayan kujera.